Ƙaryar da na yi wa Filda

Asabar da dare.

Bayan la'asar na koma kan Dragon Age: Origins, wasan kwamfuta da kamfanin BioWare na Kanada ya fitar a shekarar 2009, na ci gaba daga Orzammar, birnin wadanni da ke ƙarƙashin ƙasa. Tun jiya wata tsohuwa mai suna Filda ta roƙe ni in nemo mata ɗanta Ruck, wanda ya bi wani ayari cikin tsoffin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa bai dawo ba. Na ɗauka ƙasusuwansa kawai zan tarar.

A kangon Ortan na same shi da ransa, in har wannan rai ne. Yana tafiya a duƙe, yana ambaton kansa da suna kamar wani daban yake nufi, kuma da bakinsa ya faɗa mini cewa naman Darkspawn yake ci, wato miyagun halittun nan da gubarsu ke kashe ƙasa da dabba da mutum. Gubar ta riga ta ci jikinsa da hankalinsa, amma ta bar masa kunya, domin abin da ya roƙe ni shi ne kada mahaifiyarsa ta san yadda ya koma.

Abin da ya sa na daɗe ban taɓa linzamin kwamfuta ba shi ne, gubar da ke jikinsa tana jikin jarumin da nake wasa da shi. A sansanin Ostagar aka ba mu, ni da Daveth da Jory, ƙoƙon jinin Darkspawn domin shiga rundunar Grey Wardens masu yaƙi da su. Daveth ya sha ya faɗi matacce, Jory ya ja da baya Duncan, shugaban rundunar, ya kashe shi, ni kuwa na sha na tashi ina murna na zama gwarzo. Sai daga baya Alistair, abokin tafiyata a rundunar, ya gaya mini cewa shekara talatin ko kusa da haka muke da ita, daga nan mafarkai su tsananta, mutum ya sauko waɗannan ramuka ya mutu yana yaƙi kafin gubar ta gama da shi. Ashe lokaci ne kawai ya raba ni da Ruck. A ganina marubutan sun yi dabara da ba su bar wannan a bakin Alistair kaɗai ba, suka ajiye min shi a gabana yana rawar jiki.

Ban iya kashe shi ba, ko da yake wasan ya ba da damar hakan. Da na koma Orzammar na ce wa Filda ɗanta ya rasu, ta yi mini godiya, godiyar da ta fi zagi ciwo. Bayan isha'i na buɗe ajiyar wasan da na yi kafin zancenmu da niyyar faɗa mata gaskiya, na tsaya a gabanta na ɗan lokaci, sannan na kashe kwamfutar.