Da aka ce za a janye izinin shagona a Maradi

Daga ƙasar Batsari na fito, a jihar Katsina. A 2019, da 'yan bindiga suka hana mu noma suka hana mu barci, na ɗora keken ɗinkina a mota, muka bi ta Jibiya muka tsallaka Ɗan Isa, ni da iyalina, kafin a rufe iyaka a watan Agustan shekarar. Wanda bai zauna nan ba zai ce ai Maradi ba ƙasar waje ba ce ga Bakatsine. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sarkin garin ma Sarkin Katsina ake ce masa. Haka ne, har sai ranar da hulɗa ta haɗa ka da ofis, aka miƙo maka takarda da Faransanci, aka tambaye ka katin ɗan ƙasa.

Na samu ɗan fili a bakin hanya, na kafa shagon kwano da rumfa a gaba. Da izini na kafa shi, kuma duk kuɗin da aka ce in biya na biya. Maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da hatsi, shi ya fara ja min kunne tun farkon zuwana: "Ɗana, a ƙasar nan ko dala ɗaya ka biya, karɓi resi, wato takardar shaidar biya, ka adana." Na samu gwangwanin madara na riƙa zuba su.

Daminar 2024 ta yi wa Maradi ɓarna ƙwarai, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka. Bayan ruwa ya ɗauke aka fara maganar buɗe magudanan ruwa, kuma ba na ganin laifin wannan, don da idona na ga unguwa ta zama gulbi. Ana cikin haka wata safiya aka kawo mana takardu, mu na wannan layin. Ɗan maƙwabcina, wanda ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya karanta min tawa a tsaye a ƙofar shago. An ce shagona ya hau kan hanyar ruwa, ana shirin janye izinina, an kuma ba ni wa'adi.

Ina riƙe da almakashi, hannuna ya ɗauki rawa. Yaron ya sake bin takardar da yatsa, ya ce, "Baba, an ce ana shirin janyewa ne, ba a ce an janye ba. Kuma izinin da aka ba ka na zama a filin hukuma ne, a rubuce yake cewa za a iya karɓewa. Abin da ya rage shi ne ka amsa kafin wa'adi ya cika."

Tsoron baƙo daban yake da na ɗan gari. Ɗan gari yana tunanin shagonsa, baƙo kuwa yana tunanin kada maganar shago ta zama maganar zamansa a ƙasar. A lokacin Nijar ta riga ta ce ta bar ƙungiyar ECOWAS, fitar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kuma mu 'yan Najeriya kowa na ɗari-ɗari da zuwa ofis. Ga shi tun watan Afrilun 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi an naɗa masu riƙo, wato waɗanda suka san fuskata ba su nan. Wani Bazamfare mai shayi da ke kusa da ni, takardarsa iri ɗaya da tawa, ya kwashe teburinsa cikin dare. Ya ce baƙo raɓa ne, ba ya ja da hukuma. Har yau abin yana ci min rai, domin shi ma yana da izini, kuma da ya tsaya wataƙila da yana nan.

Wasu suka ce in nemi wanda zan ba wani abu a rufe maganar. Na ƙi. Kuɗin da ka bayar a ɓoye ba shi da resi, gobe idan aka sauya ma'aikaci ka koma inda ka fito.

Na fara zuwa wurin mai unguwa tare da dattijon nan. Muka tuɓe takalma, muka gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙonka ne ya zo da kuka." Ya saurara har na gama, ya tambayi dattijon ko ya san ni. Dattijon ya ce, "Rigunan sallar jikokina shi yake ɗinkawa, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci." Mai unguwa bai yi min alkawarin komai ba, amma ya yarda a rubuta cewa ya san ni mazaunin unguwarsa ne.

Sai amsa. Mun rubuta ta a gajarce, ba zafi ba magiya: ga ranar da aka ba ni izini, ga shaidar biya ta kowace shekara, ga yara biyu 'yan unguwa da ke koyon ɗinki a hannuna, kuma ina roƙon a zo a auna wurin, idan wani ɓangare ne ya tare ruwa zan cire shi da kaina. Muka juye gwangwanin nan a kan teburin yanka, muka jera resi shekara-shekara, wasu har sun dushe, aka yi musu kwafi. Na kai wasiƙar guda biyu, na bar ɗaya, aka buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata na dawo da ita. Ɗan maƙwabcin nawa ya nanata min wannan sosai, don idan magana ta kai kotu, takardar nan ce shaidar cewa ka fara neman hukumar ta sake dubawa.

An ɗauki lokaci shiru. Daga baya mutum biyu suka zo da ma'auni, suka ja daga bakin kwalbati. Rumfar ce ta shiga hanyar ruwa, jikin shagon bai shiga ba. Na cire ta a ranar, suna tsaye. Aka sake rubuta izinin da sabon awo.

Rashin rumfar ba ƙaramin abu ba ne a zafin Maradi. A ƙarƙashinta almajiraina ke zama da kekensu, a nan masu kawo ɗinki ke jira. Yanzu keke ɗaya ya koma gida, yaron yana aiki a zaure. Izinin kuma yana nan yadda yake, na filin hukuma, za a iya sake waiwayarsa. Saboda haka na shiga adashi, ina neman shagon gini na haya a wajen unguwar Zariya, wanda za mu rubuta yarjejeniya da mai shi a gaban shaidu.