Inuwar Giginya

Mahaifiyata ce ta fara kirana inuwar giginya, kuma ba da wasa ta faɗa ba. Lokacin ina ɗan shekara 24, ni ne magatakardan zumuntar matasa, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, makullin majami'a ma a aljihuna yake kwana. Kwana shida cikin bakwai ina coci. In jera kujeru ne, ni. In lasifika ta ƙi magana, ni. Dattawa suna ta sa mini albarka, kaina kuwa yana ta kumbura ban ankara ba.

Wata Asabar Mama ta tashi ƙafarta ta kumbura, ta ce in raka ta asibiti. Na dubi agogo na ce, "Mama, aikin Ubangiji na jirana, da na dawo sai mu tafi." Ban shigo gida ba sai ƙarfe 9 na dare. Ashe ƙanwata, 'yar shekara 13, ita ta tallafe ta suka je suka dawo. Na tarar da Mama kwance, ga ledar magani a gefen gado. Ko faɗa ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Sannu da aiki, ɗana. Haka giginya take, na nesa ke shan inuwarta." Ta juya fuska bango.

Ƙannena, abin da na yi yana da suna a Littafi Mai Tsarki. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a kan Korban: mutum ya ce abin da ya kamata ya taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah, shi ke nan ya wanke hannunsa daga hakkinsu. Su dukiya suka ɓoye a bayan sunan Allah, ni lokacina na ɓoye. Na sha karanta wurin a gaban jama'a, da murya mai daɗi ma, ban taɓa ganin fuskata a ciki ba. Bulus kuwa bai tauna magana ba a 1 Timoti 5:8, inda ya ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya. A sura ta 3 ma tambaya ya yi: wanda ya kasa riƙon gidansa, yaya zai kula da ikkilisiyar Allah? Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne Yohanna 19. Yesu na kan gicciye, yana tsakiyar aikin ceton duniya, amma sai da ya danƙa uwarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. Ni da koyon waƙa kawai ke gabana, na ce ba ni da sarari.

Gaskiyar da na daɗe ina gudu ita ce, a coci ana gani ana yabawa. A gida ba mai tafa maka don ka wanke kwano ko ka zauna da tsohuwa tana maimaita labarin da ka ji sau goma.

Kada wani ya ce na ce a bar aikin ikkilisiya. Har yau ina yi. Sai dai in za ka ɗauki aiki, ka duba ko akwai wanda ba ya buƙatar makirufo. A Ayyukan Manzanni 6 an zaɓi mutum 7 masu cike da Ruhu da hikima, Istifanas na cikinsu, aikinsu kuwa shi ne kada a riƙa tsallake matan da mazansu suka mutu wajen rabon yau da kullum. Ka kuma koyi cewa "ba zan iya ba" tun kafin muƙamai su yi maka yawa.

Kunya ta biyu a ƙofar maƙwabci na sha ta. Wani dattijo ne da ke zaune shi kaɗai, katanga ɗaya ta raba mu. Kullum ta gaban ƙofarsa nake wucewa, Littafi a hammata, gaisuwa ma a guje. Ya faɗi a ɗaki ya kwana biyu bai iya tashi ba. Wanda ya lura ƙofar ba ta buɗu ba har ya ɓalle ta, wani saurayi ne da nake yi wa kallon ɓatacce don ba ya taka kowace majami'a. A labarin Luka 10, firist da Balawe, masu hidima a Haikali, su ne suka ratse suka bar mutumin da aka raunata a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Basamariye, wanda Yahudawa ba sa hulɗa da irinsa, shi ya ɗaure masa raunuka, ya biya dinari 2 a masauƙi. Da na je asibiti duba dattijon, saurayin nan na zaune kusa da shi yana ba shi ruwa da cokali. Dattijon ya ɗaga kai ya dube ni, ya tambayi saurayin, "Wannan ɗan gidan wa ne?" Shekara 5 muna maƙwabtaka.