Ƙullun idli na tsakin alkama ya tashi da kansa

Yau da asuba na buɗe kwanon ƙullun da na haɗa jiya da yamma, na tarar ya kumbura har ya kusa kai bakin kwanon, samansa duk ƙananan ƙofofi, yana ƙanshin tsami mai daɗi. Ban sa masa yis ko bekin foda ba, domin abin da nake so in gani ke nan, wato ko idli (wata irin wainar Indiya da ake turarawa) na tsakin alkama zai tashi da kansa kamar yadda na shinkafa yake tashi a kudancin Indiya.

Ƙarfin aikin yana wurin baƙin waken da Indiyawa ke kira urad. Na jiƙa wanda aka cire wa ɓawo tare da 'yar hulba na awa 5, na markaɗa shi da ruwan sanyi har ya yi fari ya yi kumfa, sannan na zuba tsakin alkama ninki biyu na waken, na sa gishiri, na juya da hannu. Ƙwayoyin halittar da ke jikin waken su ne suke cin sukarin da ke cikin ƙullun, su fitar da tsami da iska, yauƙin waken da na hulba kuma shi yake riƙe iskar kada ta tsere. Suna son ɗumi na wajen digiri 30, kuma awa 8 zuwa 12 kan ishe su. Tsakin alkama yana shan ruwa ƙwarai, saboda haka na bar ƙullun da ɗan ruwa-ruwa tun jiya, kuma da safe ya yi kauri daidai.

Wani gidan abinci mai suna MTR da ke birnin Bangalor na Indiya ya ce shi ya ƙirƙiro idli na tsakin alkama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da shinkafa ta yi ƙaranci, amma girkin da aka fi sani yanzu da kindirmo da soda ake yin sa nan take. A ganina wanda ya kwana ya fi shi ɗanɗano nesa ba kusa ba.

Na shafa mai a guraben farantin turara idli, na ɗebi ƙullun a hankali ba tare da na buga shi ba, na turara na minti 12. Da na soka tsinke ya fito a bushe, sai na jira suka ɗan huce kafin na ciro su da cokali, domin da zafinsu mannewa suke yi. Ragowar ƙullun na sa a firji saboda tsaminsa kada ya wuce kima kafin gobe.