Lifidin dokin da ya ci mini wata uku

Tun da na ji labarin kamfanin wasannin kwamfuta Kiro'o Games na Yawunde, waɗanda suka fitar da wasan Aurion a 2016, na ƙudurta cewa ni ma zan yi nawa wasan, amma na waya, daga nan Garwa, wasan mahayin doki irin na hawan salla a ƙofar fadar Lamiɗo. Koyon Blender da Unity, manhajojin zane da haɗa wasa, bai ba ni wahala sosai ba. Abin da ya kashe ni shi ne son burgewa.

Na zana lifidin dokin da aikin babbar rigar mahayin zare bayan zare, kuma kowane zane na ajiye shi a girman ɗigon hoto (pixel) 4096 a tsaye da 4096 a kwance, domin a kwamfutata yana da kyau ƙwarai. Ban yi lissafin cewa hoto ɗaya mai wannan girma, idan ba a matse shi ba, yana cin megabayit 64 a ƙwaƙwalwar waya ba, alhali ina da fiye da ashirin irinsa. Da lokacin gwajin kwana 14 da Google Play ke buƙata kafin a fitar da wasa ya zo, na raba wasan ga yaran unguwa, waɗanda yawancin wayoyinsu masu ƙwaƙwalwar aiki (RAM) ta gigabayit ɗaya ne ko biyu. Wasan yakan buɗe, dokin ya yi taku biyu, sai allon ya yi baƙi.

Ƙanena ne ya faɗa mini gaskiya: "Yaya, a wayata ko zaren ba a gani, me ya sa ka wahalar da kanka?" Raina ya ɓaci, amma na karɓi wayar na duba, kuma lallai aikin da na kwana a kansa ya koma ɗigo-ɗigo a allon da bai kai tafin hannu ba.

Na mayar da zanukan zuwa 1024, wato megabayit 4 kowanne, na haɗa ƙananan a cikin hoto guda, na sake zana lifidin da manyan launuka maimakon zare. Wata uku ya tafi a haka, ga ɗaukewar wuta a tsakiyar zafin Afrilu. Yanzu akwai tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi a gefen kwamfutata, wadda na saya jaka goma sha biyar, kuma ba na ƙara ko linzami sai na ga yadda ya fito a kanta. Tsohon lifidin yana nan a ajiye, na kasa goge shi.