Kuskuren gidan buga kuɗi ko wahalar hannu: abin da duba kwandaloli ke koyarwa

Darasin da ya fi wuyar haɗiyewa a aikin neman kwandaloli masu kuskuren ƙira shi ne, yawancin kwandalolin da ake ɗauka da murna ba kuskuren gidan buga kuɗi ba ne. Wuya kawai suka sha bayan fitowarsu: mota ta taka, guduma ta dake su, ko tsatsa ta ci. Don haka tambayar farko ita ce, a wane mataki na ƙira wannan aibi zai iya faruwa? In ba a samu amsa ba, lalacewa ce.

Matakan uku ne. Ana yanko faifan ƙarfe daga dogon falle, a ɗaga masa leɓe, sannan hatimai biyu, wato ƙarafan da ke ɗauke da zanen, su matse shi sama da ƙasa a cikin wani zobe da ke tsayar da faɗinsa, yana kuma zana haƙoran gefe.

Kayan aiki ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, sikelin da ke auna har 0.01 na giram, maganaɗisu, fitila ɗaya da za a haska ta gefe, da lafiyayyar kwandala irin wadda ake dubawa. Wannan ta ƙarshen ita mutane suka fi mantawa, alhali ido ba ya gane karkace sai ya ga madaidaici.

A ganina sikeli ya kamata a fara ɗauka kafin gilashi. A 1943 Amurka ta buga kwandalar senti ɗaya da ƙarfe mai rufin zinki saboda yaƙin duniya na biyu ya cinye tagulla, amma wasu tsirarun faifan tagulla da suka rage sun shiga injin. Sentin tagullar na gaskiya giram 3.11 ne kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Na ƙarfe giram 2.7 ne, ko an shafe shi da ruwan tagulla zai manne. Akwai kuma masu kankare 8 ɗin 1948 ta koma 3, sai a kwatanta siffar lambar da ta asali.

Tsagewar hatimi tana barin layi mai tudu, domin ƙarfe ya kwarara cikin tsagar. Karce kuwa rami ne, da ɗan tarin ƙarfe a bakinsa kamar kunyar gona. A kwantar da hasken fitila, inuwar za ta nuna wanne ne.

Inda aka fi yin asara shi ne rubutu mai ninki biyu. Wani lokaci aibin yana jikin hatimin tun ranar da aka ƙera shi, kowace kwandala da ya buga za ta fito da shi iri ɗaya sak. Shahararren misali shi ne sentin 1955 na gidan buga kuɗin Filadelfiya a Amurka, wanda ko ba gilashi ana ganin shekarar ta ninku. A irin wannan, haruffan biyu duk masu kumburi ne, tsayinsu kusan ɗaya, ƙarshen harafi ya rabu gida biyu. Amma in hatimi ne ya ɗan goce lokacin bugu, ninkin zai fito a shafe kamar matakala, ya ma rage kaurin harafin. Wannan na biyun ya yi yawa ƙwarai, masu tarawa ba su cika ba shi daraja ba.

Kwandalar da gefenta ya guntule ma tana da shaida. In tun wajen yanka ne, leɓen da ke can ɗaya ɓangaren, kishiyar guntun, yakan fito a raunane, zanen kusa da wurin kuma ya dusashe a hankali. In almakashin ƙarfe ne, bakin zai yi kaifi da ƙyalli. Wadda aka buga ba zobe takan fi 'yan'uwanta faɗi, ba haƙora, amma nauyinta daidai.

Sai a san ƙa'idar kowace ƙasa kafin a ce baya ya juye. Kwandalar Amurka daga sama zuwa ƙasa ake juya ta baya ya miƙe, ta Birtaniya da yuro kuwa daga gefe zuwa gefe. Haka kuma a san shekarun da aka sauya zane, don a nan ake haɗa hatiman da ba na juna ba. A 2008 Birtaniya ta mayar da shekara daga bayan kwandalar feni 20 zuwa gabanta, sai aka haɗa tsohon gaba da sabon baya, wasu suka fita ba shekara ko kaɗan.

In an dace da ta gaske, don Allah kada a wanke, kada a goge. Man goge ƙarfe yana barin ƙananan layuka da gilashi ke tonawa, ya zubar da darajarta, kuma ba ta dawowa. A riƙe ta ta gefe, a rubuta nauyi da faɗi, a ɗauki hoton gaba da baya da gefe, a sa ta ita kaɗai cikin ambulan takarda marar asid.