Bakin malafar ulu: abin da ke murɗe shi da yadda ake miƙar da shi

Ƙannena masu haɗa malafar ulu a gida, irin mai faɗin bakin nan da mahaya dawaki da wasu angwaye ke nema idan hunturu ya shigo, kukan da na fi ji daga gare ku guda ne: ƙoƙon ya fito tsaf, amma bakin ya ƙi kwanciya. Nan ya ɗaga, can ya lotsa, gefe guda kuma ya yi ta lanƙwashe-lanƙwashe. Abin da kowa ke fara rarumowa shi ne dutsen guga. Ni ma shi na raruma a farkon koyona, kuma malafun da na ƙona sun fi waɗanda na ceto yawa. Guga ba ta miƙar da baki sai ka san abin da ya murɗe shi, kuma sau da yawa ɓarnar ta auku tun kafin malafar ta hau katakon da ake ba ta siffa a kai.

Mu fara da ulun kansa. Tumakinmu na nan, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba. Na taɓa tara gashinsu daga wajen Kara, kasuwar dabbobi ta Sakkwato, na wanke, na yi ta murza har hannuna ya yi kanta, bai kama juna ba. Ulun da ke dannuwa, kamar na tumakin Merino da ake kiwo a Ostareliya da Afirka ta Kudu, kowane sili nasa yana da wasu 'yan ɓawo da ido ba ya gani. Ruwan zafi da sabulu da murza su ke sa silin ya sarƙe da ɗan'uwansa, ya ƙi komawa baya. Haka kuma yawancin abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwa zaren roba ne. Kafin ka ba da kuɗinka, tsinki kaɗan ka kusanta shi da ashana. Ulun gaske warin babbaka yake yi, ya bar toka mai murmushewa a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wanda bai sami ulu ba, ya nemi tsohuwar malafa a gwanjo ya koyi gyaran baki a kanta. Ba ƙaramin ilimi ke cikin hakan ba.

Ulu yana tsukewa da kusan kashi ɗaya bisa uku idan ana danne shi, kuma ya fi tsukewa ta fuskar da kake murza shi. Nan ne na fi yin ɓarna. Nakan shimfiɗa shi da kauri a tsakiya, ya sirance a gefe, sannan in yi ta naɗewa ina murzawa ta fuska ɗaya don sauri. Sakamakon shi ne baki mai tsawo ta nan, gajere ta can. Ka raba ulunka kashi-kashi daidai kafin ka fara, ka shimfiɗa wani a tsaye wani a kwance, ka riƙa ɗaga shi ga haske kana neman inda ya sirance. In ka murza ta gabas, juya shi ka murza ta kudu gwargwadon haka.

To, ga malafar ta riga ta murɗe, yaya za a yi? Ɗora ta a kan tebur mai santsi, ka durƙusa idonka ya yi daidai da teburin, ka duba. Ciwon iri biyu ne, kuma maganin ɗaya kishiyar na ɗayan ne.

In gefen bakin yana hawa da sauka, to ya yi tsawo. Da'ira ba ta karɓar ƙari: duk faɗin da bakin yake da shi, akwai tsawon gefen da ya dace da shi, abin da ya haura kuwa ba shi da wurin zuwa sai sama ko ƙasa. Yawanci mu ke jawo wannan da hannunmu, lokacin da muke jan gefen don ya ƙara faɗi. Na daɗe ina danne irin wannan da guga, ashe ƙara baza shi nake yi. Ya kwanta yau, gobe ya tashi fiye da jiya. Abin da yake bukata tsukewa ce. Jiƙa gefen kaɗai da ruwan zafi da ɗan sabulu, ka murza shi tsakanin tafukanka kana bin zagayen, ba daga ƙoƙo zuwa waje ba. In ya yi gardama, bi gefen da ɗinkin tsallake na zare mai ƙarfi, ka ja zaren a hankali har bakin ya kwanta, ka ba shi tururi, sannan ka danna ƙarfen a kai ka ɗaga, ka danna ka ɗaga, ban da gogawa. Kada ka cire zaren sai ya bushe sarai.

In kuwa bakin gaba ɗaya ya kife ko ya tashi sama ya yi zurfi, gefen ya gajarce ke nan. Wannan ya fi sauƙi. Riƙe shi a bakin butar da ke tafasa har ya yi laushi, ka ja kaɗan tsakanin hannuwanka biyu, ka matsa gaba, ka sake, har ka zagayo. Gara ka zagaya sau da yawa da ja kaɗan-kaɗan da ka finciki wuri guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ulu kuma tun yana da ɗumi da danshi. Da ya huce, bar shi ka sake kai shi ga tururi. Ka kuma kula da yatsunka, ƙunar tururi ba ta da sauƙi ko kaɗan.

Akwai wani murɗewar da ba a gani a kan tebur, sai an sa malafar a kai. Wannan ya wahalar da ni ƙwarai kafin in gano shi. Na aro katako irin wanda masu wankin hula ke ɗora hula a kai, wanda yake kusan kewayayye. Kan mutum kuwa ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya. Da an sa, sai ƙoƙon ya miƙe gaba da baya, bakin ya biyo shi ya karkace. Hula ba ta da baki, shi ya sa ba ta tona wannan asirin. Auna kan mai malafar da tef, yawancin manya za ka same su tsakanin santimita 56 da 60, ka kuma lanƙwasa waya a kansa don ka ɗauki siffarsa, ka kai wa kafinta ya sassaƙa maka katako a kanta. Ka ce ya haɗa maka da faifan katako mai rami a tsakiya wanda bakin zai kwanta a kai.

Game da guga: ulu ba ya son zafin da ya wuce digiri 150, wato ɗigo biyu a jikin ƙarfen lantarki. Na gawayi ba shi da ma'auni, don haka bar shi ya ɗan huce, kuma kada ya taɓa ulun sai da jiƙaƙƙen farin ƙyalle a tsakani. Inda ya yi sheƙi ko ya yi ja, ya ƙone, ba ya dawowa.

Sai shanya, inda Sakkwato ke yaudarar mutum. A hunturu iska a bushe take ƙayau, cikin ɗan lokaci za ka taɓa ka ji malafar kamar ta bushe, alhali cikinta da sauran danshi. Na sha cire ta daga katako a wannan halin, kafin safiya ta karkace. Na kuma taɓa shanyawa a rana tsaka a kan siminti lokacin bazara, gefen da ke kallon rana ya riga ɗayan bushewa ya janye shi. A inuwa ake shanyawa, bakin a kafe da allurai a kan faifan, ko a danne da abu mai nauyi daidai ta ko'ina, ta kwana ta wuni. A damina ƙara mata kwana.

Abin ƙarfafa baki shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. In ka shafa shi a kan murɗaɗɗen baki, murɗewar ka kafe. Sitati na fara gwadawa, ya yi fari-fari a kan baƙin ulu, ya kuma jawo kyankyasai. Ƙaro ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma ga shi a ƙasarmu, sai dai ruwa na narkar da shi, saboda haka malafar ƙaro ba ta shiga ruwan sama. Masu sana'ar a Turai shalak, wani irin danƙo da wasu ƙwari ke fitarwa, suke narkawa cikin sifirit, kuma amfaninsa shi ne tururi na tausasa shi, in ya huce ya sake ƙagewa, ka ga ana iya gyara bakin bayan shekaru. Ka tsarma shi sosai, ka shafa ta ƙarƙashin baki, nesa da wuta, domin sifirit na kamawa nan take. Mai son sa waya a gefe ya miƙar da ita tukuna, ya auna ta daidai da zagayen. Wayar da ta yi tsawo da kanta take murɗe baki.

Fatar da ake zagaya cikin ƙoƙo da ita don tare gumi, ba sai ka nemi ta waje ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can take isa gare su bayan ta ƙetare Sahara. Je wajen dukawa ka zaɓi mai laushi, ka yanka daidai da awon kan. In ta gaza ko da kaɗan, za ta tattare wuyan malafar, bakin ya sake tashi bayan duk wahalarka.

In za ka miƙa wa mai ita, gaya masa ya riƙa ajiye ta a kife a kan ƙoƙonta ko ya rataye ta, kada ya bar ta zaune a kan bakinta ko cikin mota a rana. Idan hunturu ya wuce ya kakkaɓe ƙurar da buroshi mai laushi, ya sa ta a kwali da kafur saboda asu.