Idan Kwangila ta Ƙare: Sana'ar Goge-goge da Rigimar Kuɗin Rashin Aiki a New York

Sana'ata sharar ofisoshi ce da dare. Ina da ɗan ƙaramin kamfani a Bronx, wani yanki na birnin New York, ma'aikatana galibi mata ne 'yan Ghana da Nijar da Gini, sai 'yan maza masu jan injin wanke daɓe. Muna shiga gini bayan masu ofis sun tashi, mu kwashe shara, mu zuƙe ƙurar kafet, mu wanke banɗaki, mu goge gilasai, kafin asuba mun kulle mun fita.

Harkar gaba ɗaya a kan kwangila take tsaye, kuma yawancin yarjejeniyoyin da nake sa wa hannu sun ba mai gini damar sokewa da notis na kwana 30. Wani kamfani ya karya farashi, ko a sayar da ginin, ko 'yan haya su rage ofis saboda ma'aikatansu sun koma aiki daga gida kamar yadda muka gani tun 2020, shi ke nan. Matan da ke share wannan gini ba su da wurin zuwa ran Litinin, alhali ba su yi laifin komai ba.

Don irin wannan rana aka yi inshorar rashin aikin yi, wadda Amurka ta kafa a dokar 1935. A jihar New York ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci dominta, mai kamfani ne ke biya. Akwai kason gwamnatin tarayya, wanda a ka'ida yakan tsaya a dala 42 a shekara kan kowane ma'aikaci, akwai kuma kason jiha, wanda shi ne mai nauyi. Wanda aka sallama saboda aiki ya ƙare, in yana da izinin aiki kuma albashinsa na baya ya kai yadda doka ta ce, zai iya karɓa har mako 26. Mafi yawan abin da ake bayarwa a mako ya daɗe a dala 504, sai a Oktoban 2025 aka ɗaga shi zuwa 869. Mai shara ba ta kaiwa can, don kusan rabin albashinta na mako ake ba ta, amma rabin nan shi ke hana mai gida ya kai ta kotu kan kuɗin haya.

To ina rigimar take? Kason jiha ba ɗaya ba ne ga kowa. Kowane kamfani yana da asusunsa, kuma duk abin da aka biya tsohon ma'aikacinka ana rubuta shi a kanka. Ya yi yawa, harajinka na baɗi ya hau. Da zarar mutum ya nemi kuɗin, Ma'aikatar Ƙwadago takan aiko wa mai kamfani takarda mai lamba LO 400, da wa'adin kwana 10 in yana da ja. Nan shaiɗan ke samun ƙofa. In ka ce aiki ne ya ƙare, za a biya ta. In ka ce ita ta ajiye aiki ba dalili, ko ka kore ta kan babban laifi, za a iya hana ta. Na sha jin masu kamfani irina suna ba juna shawara a kan haka kamar wata dabarar kasuwanci ce. Ni ƙarya nake kiranta, kuma ƙarya ce a kan wadda ta shekara tana wanke maka masai da ƙarfe 2 na dare.

Wata baiwar Allah da ke aiki da ni yanzu ta ɗanɗana wannan a hannun tsohon maigidanta. Kwangilarsa ta ƙare, ya ce mata ta zauna a gida zai neme ta. Bai neme ta ba. Da ta nemi kuɗin, ya rubuta wa hukuma cewa ita ce ta daina zuwa, wai ma ya ba ta wani gini ta ƙi. Takardar hanawa ta zo, ta kawo mini ita a ninke cikin jaka, ta ce, "Alhaji, na bar shi da Allah." Na ce, "Hajiya, ki bar shi da Allah, amma ki duba kwanan watan da ke saman takardar nan tukuna."

Kwanan watan nan shi ne komai. Daga ranar da aka fitar da hukunci, kwana 30 ne kawai mutum ke da shi ya nemi a saurare shi a gaban alƙali. Mutanenmu da yawa nan suke faɗuwa, ba don ba su da gaskiya ba, sai don takarda ta kwana a kan firij ana jiran yaro ya dawo ya karanta. Neman zaman ba ya cin kuɗi, ba dole sai da lauya ba, kuma hukuma na ba da tafinta kyauta in an nema tun da wuri. Abu na biyu da ake mantawa: ko an hana ka, ka ci gaba kowane mako kana tabbatar wa hukuma cewa ba ka da aiki kuma kana nema. Makon da ba ka tabbatar ba, ko ka yi nasara daga baya, yana iya tafiya a banza.

Zaman nata ta waya aka yi, bisa rantsuwa, ana naɗar murya. Alƙalin ba ruwansa da wa ya fi iya Turanci. Tambayoyinsa ƙanana ne: wace rana ce ta ƙarshe da kika yi aiki, wa ya yi miki magana, me ya ce daidai. Tana da saƙon WhatsApp inda maigidan ya rubuta da kansa cewa ginin ya tafi, ta jira kira. Tana da takardun albashinta. Shi kuwa ya turo wani ɗan ofis da bai taɓa magana da ita ba, kuma a irin wannan zama maganar wanda abin ya faru a gabansa ta fi "an ce mini" nauyi. Batun ginin da wai ta ƙi ma bai tsaya ba, don an rasa mai faɗin adireshinsa, ko awa nawa, ko nawa za a biya. Ko da tayin na gaske ne, dokar jihar ta yarda mutum ya ƙi aikin da ke da nisan da ya wuce hankali ko albashin da ya gaza na irin aikin sosai. Hukunci ya zo a rubuce, an ba ta gaskiya, aka biya ta makonnin baya. Da an kayar da ita, tana da kwana 20 ta ɗaukaka ƙara zuwa hukumar ɗaukaka ƙara ta inshorar, bayan nan kuma akwai kotu a Albany, babban birnin jihar.

Ba wai ba na ja ba ne sam. Wanda ya ɗauki kayan mai ofis, ko ya bar ƙofar gini a buɗe bayan an gargaɗe shi a rubuce, zan faɗa wa hukuma abin da ya faru, da kwanan wata, don makullin mutane amana ce a hannuna. Amma rashin sauri ko rashin ƙwarewa ba shi ne babban laifi a idon doka ba, kuma ba na ƙoƙarin mai da shi haka.

Inda na fi jin ciwo shi ne masu biyan ma'aikata kuɗi a hannu, ko su ba su takardar haraji mai lamba 1099 kamar 'yan kwangila masu zaman kansu, alhali su ke tsara musu awa, su ke ba su bokiti da sabulu. Ranar sallama sai ma'aikaciya ta tarar babu sunanta a ko'ina, sai ta fara da tabbatar da cewa ta taɓa yin aikin ma. Ni kowa a kan W-2 yake, wato takardar harajin cikakken ma'aikaci mai albashi, kuma kuɗin inshorar ina lissafa shi cikin farashin da nake ba mai gini tun farko, tare da sabulu da man mota. Kwangila ta sha kuɓuce mini saboda wannan 'yar tazarar.

Daren ƙarshe a gini, kowace ma'aikaciya ina miƙa mata takardu biyu. Ɗaya fom ɗin IA 12.3 ne da doka ta wajabta, mai ɗauke da sunan kamfani da lambar rajistarsa. Ɗayar wasiƙa ce mai layi uku da sa hannuna: ranar da ta fara, ranar da ta gama, da dalili, wato kwangila ta ƙare. Sai in ce ta ɗauki hotonsu a waya kafin mu sauka, kuma ta shigar da buƙatarta a makon farko da ta wayi gari ba aiki.